Ƙwaryar nono, dusar gero da ciwon sukari

Yau shafinmu zai tsaya a kan ciwon sukari. A da ana ce masa ciwon masu kuɗi ko ciwon mutanen birni. Yanzu ya daina zaɓe. Ana samunsa a Yamai da Doso, ana kuma samunsa a Tibiri da Geceme da Dumega da Kore Mai Ruwa. Binciken da ma'aikatar lafiya ta ƙasa ta yi a 2007 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a cikin manya 100 na Nijar, fiye da 4 suna ɗauke da shi. A 2021 kuma ƙungiyar duniya mai yaƙi da wannan ciwo ta ƙiyasta cewa manya miliyan 24 ne ke da shi a Afirka kudu da Sahara, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba.

Masana masu neman hanyar rigakafi sun daɗe da juya hankalinsu ga wasu ƙananan halittu, dangin waɗanda ke sa madara ta yi tsami. Sun gano cewa halittun suna haɗa waɗansu sinadarai masu taɓa kitsen jikin mutum da sukarin jininsa. Labari irin wannan ba ya daɗewa kafin ya faɗa hannun masu tallar magani a kasuwa, su ƙara masa gishiri. Shi ya sa muka ga ya kyautu mu baje shi a faifai tun yanzu, kowa ya san iyakar gaskiyarsa.

Wa ke mai da madara nono?

Duk macen da ke sayar da nono ta san madara ba ta yin tsami mai kyau haka kawai. Sai an zuba ta a ƙwaryar da aka saba, ko a ɗiga mata ragowar nonon jiya, a rufe da faifai, a bar ta ta kwana. Abin da ke cikin ragowar nan iri ne, kamar irin gero. Halittu ne masu rai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Sunansu bakteriya. Idan aka jera dubu ɗaya daga cikinsu, tsawonsu zai yi kusan na ƙwayar gero guda. Suna cin zaƙin da ke cikin madara, su mai da shi tsami, tsamin kuma ya hana miyagun ƙwayoyi masu yawa yaɗuwa. Dalilin da ya sa nono ya fi ɗanyar madara jure zafin bazara ke nan.

Danginsu ne ke tsamar da gasarar koko idan ta kwana. Wata zuriyar daban, mai suna Basilus, ita ke mai da ƙwayar ɗorawa daddawa, ita ce kuma ke aiki a daddawar batso da ake yi da ƴaƴan yakuwa. Tun 1907 wani masani ɗan Rasha, Eli Mecnikof, da ke aiki a cibiyar Pasteur ta birnin Paris, ya rubuta cewa tsawon ran manoman Bulgariya yana da nasaba da nonon da suke sha. Hujjarsa ba ta cika ba, amma ya buɗe ƙofar da har yau ake shiga.

Abin da Mecnikof bai iya ƙirgawa ba, yanzu an ƙirga. A cikin hanjin babban mutum guda akwai bakteriya kimanin miliyan sau miliyan 38, nauyinsu duka wajen giram 200. Mafi yawansu a babban hanji suke zaune. Garke ne muke kiwo a cikinmu ba tare da mun sani ba, kuma kamar kowane garke, abin da aka ba shi ya ci shi ke nuna abin da za a tatsa.

Rumbunan jiki

Kafin mu zo ga abin da garken nan ke bayarwa, sai mun fahimci kitse. Kitsen jiki ba dunƙule ɗaya ba ne. Tarin ƴan ƙananan jakunkuna ne, kowace tana ajiye maiƙo. Mu kira su rumbunan jiki. Idan mutum ya ci tuwo, tuwon ya narke ya zama sukari, ya shiga jini. Wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi sai ta saki wani ruwa mai suna insulin. Shi insulin kamar mai shela ne: yana kiran tsoka da hanta da rumbunan kitse su buɗe ƙofa su karɓi kaya. Abin da aiki bai ƙone ba, a rumbu ake zuba shi saboda ranar yunwa.

A 2008 masana na cibiyar Karolinska a ƙasar Suwidin suka nuna cewa yawan rumbunan nan yana tsayawa ne tun ƙuruciya da lokacin balaga. Bayan haka adadinsu ba ya sauyawa sosai, sai dai kowace shekara wajen kashi 10 cikin 100 su mutu, a gina sababbi a madadinsu. Saboda haka ƙibar babba, mafi yawanta kumburin rumbunan da yake da su ne. Rumbun da aka danƙara wa kaya fiye da ƙarfinsa sai ya fara tsagewa. Maiƙo ya tsiyaya cikin jini, ya taru a hanta da tsoka, wuraren da ba a gina don ajiya ba. Daga nan jiki ya fara toshe kunne ga shelar insulin. Gaɓar nan ta ƙara ƙoƙari shekara da shekaru, har ta gaji. Sukari ya taru a jini, ya fita ta fitsari, ya yi ta cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a ɓoye. Wannan shi ne ciwon sukari na manya, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Ba kowane kitse ne ke da haɗari iri ɗaya ba. Mahauta sun san bambancin kitsen da ke ƙarƙashin fatar rago da wanda ke lulluɓe da hanji da ƙoda. Na cikin shi ne mugun. Mutum yana iya zama siriri a hannu da ƙafa, alhali tumbinsa ya cika da shi.

Abin da garken ke bayarwa

A 2006, a jami'ar Washinton da ke birnin Sen Luwis na Amurka, masana ƙarƙashin Jefri Godon suka ɗebi bakteriyar hanjin ɓeraye masu ƙiba da ta ɓeraye marasa ƙiba, suka zuba wa wasu ɓerayen da aka raina ba su da bakteriya ko ɗaya. Waɗanda suka karɓi ta masu ƙiba sun fi tara kitse. A 2013 aka maimaita da bakteriyar tagwayen mutane, ɗaya mai ƙiba ɗaya siriri, aka sake ganin haka. Daga nan aka tabbata garken hanji yana da hannu a cikin maganar kitse. Saura a san da me yake aiki.

Abu na farko, kuma mafi ƙarfin hujja, shi ne wasu ruwayen tsami guda uku: asetat, furofiyonat da butirat. Na ukun ba baƙo ba ne ga hancinmu, shi ne warin da ke tashi daga man shanu idan ya tsufa. Bakteriya na haɗa su ne daga abin da cikinmu ya kasa narkarwa, wato dusar hatsi, ɓawon wake, zaren ganye da yauƙin kuɓewa. Butirat shi ne abincin bangon babban hanji, yana sa bangon ya yi ƙarfi, kada dattin hanji ya riƙa tsallakawa cikin jini. Furofiyonat da ɗan uwansa suna sa hanji ya aika saƙo cewa an ƙoshi, saƙon kuma yana taimaka wa fitar insulin a kan lokaci. Allurar nan mai tsada da ake rububi a Turai da Amurka, Ozempic, kwaikwayon ɗaya daga cikin saƙonnin nan take yi. A 2015 a birnin Landan an gwada ba mutum 60 masu nauyin jiki wani gari na makonni 24. Waɗanda garinsu ke kai furofiyonat har babban hanji, kaɗan ne daga cikinsu suka ƙara nauyi idan aka gwada da sauran.

Wani binciken ya fi kusa da gida. A 2010 masana daga Italiya suka gwada bayan gidan yara 14 na ƙauyen Bulpon a Burkina Faso da na yara 15 na birnin Fulorans. Abincin yaran Bulpon shi ne gero da dawa da wake da ganye, kusan abin da ake ci a kowane ƙauyen Dallol Mawri. Aka tarar garkensu ya fi yawan iri, yana da masu narkar da dusa waɗanda yaran Turai ba su da su, kuma ruwayen tsamin nan sun fi yawa a cikinsu. Abin da ake kashe kuɗi ana nema a can, a nan tukunyar talaka ke samar da shi.

Abu na biyu shi ne yauƙi. Wasu bakteriyar nono suna lulluɓe jikinsu da wani yauƙi, shi ne ke taimaka wa kindirmo mai kyau ya yi kauri ya riƙa jan zare a ludayi. Tun shekarun 1970 masana suke da wasu ƙwayoyin jikin ɓera da suke rainon su a faranti, waɗanda in an ba su abin da ya dace sai su rikiɗe su zama rumbunan kitse a cikin kwana goma ko ƙasa da haka. A 2016 masana a ƙasar Sin suka tace yauƙin wata bakteriya mai suna Laktobasilus ramnosus, suka zuba a irin wannan faranti. Ƙwayoyin suka rage tara maiƙo. Da aka yi wa ɓeraye masu cin abinci mai maiƙo allurarsa, kitsensu ya ragu.

Na uku ya fi ban mamaki. Akwai wata bakteriya mai suna Akamansiya da aka gano a Holan a 2004, mai zama a majinar bangon hanji. Masana na jami'ar Luben a Beljiyam, ƙarƙashin Patiris Kani, sun ga tana raguwa a ɓeraye masu ƙiba da ciwon sukari. Daga baya suka gano cewa ko an kashe ta da zafi tana aiki, saboda wani sinadari da ke jikin fatarta. A 2019 suka gwada ta a kan mutane na wata uku, mutum 32 suka kai ƙarshen gwajin, kuma jikin waɗanda suka sha matacciyar ya ƙara jin shelar insulin. Mutum 32 ba su cika ko masallacin unguwa ba, don haka wannan somin taɓi ne. Sannan Akamansiya ba a nono take ba. Amma darasin yana da amfani ga mai shan koko: wuta tana kashe mai tsamar da gasara, ba lalle ta share duk abin da ya bari ba.

Hana gina rumbu ba ya rage hatsi

A nan ne muke so mai karatu ya natsu. Za a zo a ce mana ga magani daga bakteriya mai hana kitse tsirowa, saboda haka yana hana ciwon sukari. Maganar tana da daɗin ji, amma manomi ya san lissafin bai cika ba. Idan an girbe dami ɗari, aka hana mutum gina rumbu na biyu, damman ba su ɓace ba. A tsakar gida za a jibge su, ko a ɗakin kwana, gara da ɓera su samu.

Haka jiki yake. Akwai mutanen da ake haifa da ƙarancin rumbunan kitse. Ba su da ƙiba ko kaɗan, amma ciwon sukarinsu yakan yi tsanani ƙwarai, domin maiƙo ya rasa wurin zama sai hanta. Akwai kuma wani maganin ciwon sukari na asibiti, fiyogilitazon, wanda aikinsa shi ne ya sa jiki ya gina sababbin ƙananan rumbuna. Mai shansa yakan ƙara nauyi, sukarinsa kuwa ya sauka. Rumbuna ƙanana masu yawa sun fi ƴan kaɗan da suka kumbura lafiya. Don haka abin da aka gani a faranti, cewa ƙwayar ɓera ta ƙi zama kitse, bai isa a ce an sami rigakafi ba. A ganinmu, abin da ya fi ƙima a cikin aikin bakteriyar nan shi ne sa mutum ya ƙoshi da wuri, da gyara bangon hanji, da rage kumburin rumbunan da ke akwai.

Wannan ya shafi yaranmu kai tsaye. Kada wata uwa ta karanta shafin nan ta rage wa ɗanta abinci don tsoron kitse. A ƙasarmu tamowa ta fi ƙiba kashe yara. An ma daɗe da sanin cewa jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi ya fi shiga haɗarin ciwon sukari idan ya girma ya sami wadata. A 2025 ƙungiyar duniya mai yaƙi da ciwon ta amince da wani nau'insa da ke kama ramammun matasa waɗanda suka sha yunwa tun suna ƙanana. Ciyar da mai ciki da mai shayarwa da yaro, shi ma rigakafi ne.

Su kuma matan da ke sayen ƙwayoyin ƙiba a hannun ƴan tebur don su yi jiki kafin biki, su sani cewa da yawa daga ƙwayoyin nan dangin dekisametazon ne. Suna kumbura fuska da ciki, suna tara kitse daidai inda ya fi haɗari, suna kuma ta da sukarin jini.

To, nonon fa?

A 2014 masana na jami'ar Habad suka haɗa bayanan dubban ɗaruruwan mutane da aka bi shekaru masu yawa. Suka ga masu shan kofin kindirmon Turawa, wato yawur, kowace rana, haɗarin ciwon sukari ya ragu musu da kashi 18 cikin 100. A 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin gwangwani cewa shan kofi 2 a mako yana iya rage haɗarin, da sharaɗin a ƙara cewa hujjar taƙaitacciya ce. Ke nan nono abinci ne mai taimako. Bai kai matsayin magani ba, kuma mai ciwon da ya ajiye ƙwayarsa ko allurarsa ya koma ga ƙwarya, ƙafarsa da idonsa yake caca da su.

Bakteriyar da muke sha a nono baƙi ne masu wucewa, mafi yawansu ba sa daɗewa a hanji. Ƴan gida su ne garken da muka ambata, su kuwa dusa suke so. Nan ne damuwarmu take. Muna surfa gero har ya yi fari tas, mu kwashe dusar mu ba tumaki, tumakin su yi ƙiba mu kai su kasuwa, mu sayo farar shinkafa da taliya da burodi da kuɗin. Ba mu ce a daina surfe ba, tuwon da ba a surfa ba ba kowa ke iya haɗiye shi ba. Amma surfe sama-sama ya fi surfe biyu, kuma injin da ke goge hatsi har ya yi sheƙi yana tafiya da rabon garken. A 2021 masana na cibiyar ICRISAT, wadda ke da tasha a Sadore kusa da Yamai, suka tattara gwaje-gwaje daga ƙasashe da dama. Suka samu cewa gero da danginsa ba sa ta da sukarin jini da sauri kamar gogaggiyar shinkafa da farin garin alkama. Wake kuwa, wanda muke shukawa a tsakanin kunyoyin gero mu sayar da shi tun bai huce ba, yana cikin abincin da garken ya fi so. Buhu ɗaya da aka ɓoye don gida ba asara ba ne. Ga kwaɗon zogale da na rama, ga tafasa, ga miyar kuka da ta kuɓewa.

Sai sukari. Fura da nono abincin kirki ne, amma idan aka jefa mata ƙwayar sukari biyar, an rushe da hagu abin da aka gina da dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 50 na sukari a yini, in da hali ma 25. Giram 50 ƙwaya goma ne ko kusa da haka. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da wajen bakwai. Mai zama majalisar shayi ya ƙirga abin da ke shiga butar daga na farko zuwa na uku, safe da yamma. Yawur ɗin leda na kanti ma yawancinsa da sukari aka cika shi. Furar kanta hatsi ce, tana zama sukari a jini. Wanda ya wuni yana huɗa zai ƙone ta, wanda ya wuni a kan benci a bakin shago ko a kan babur ba zai ƙone ta ba, ko da ƙwaryarsu ɗaya.

Abu biyu kuma game da tsabta. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da bakkale da tarin fuka na shanu, tsami kuwa ba ya kashe su duka. A tafasa madara, a bari ta huce, sannan a zuba iri, kamar yadda ake yin kindirmo. Ruwan da ake sirka nono da shi a lokacin rani ya zama na sha mai tsabta. Na biyu, kafson da ake saye a tire ana haɗiya don kowane ciwon ciki ba ya bambanta mugu da nagari, duka yake kashewa. A sha shi idan likita ya rubuta.

Abin da aka tabbatar a kan mutane

Hujja mafi ƙarfi a kan rigakafi ba daga faranti ta fito ba. A 2002 aka bayyana sakamakon gwajin mutum 3,234 a Amurka, dukkansu sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. Aka nemi kashi ɗaya su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiya mai sauri ta minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu musu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar metifomin, tasu ta ragu da kashi 31. Ga mai kilo 80, kashi 7 bai kai kilo 6 ba. Minti 150 kuma rabin awa ne sau biyar, tafiyar da manomi ke yi kafin ya isa gona. Lokacin da za a kula shi ne rani, sa'ad da aikin gona ya ƙare amma cin bai ragu ba.

Akwai awon da kowa zai iya yi a gida ba da ko dala ba. A sami igiya, a auna tsawon mutum daga tafin ƙafa zuwa ƙoƙon kai, a yanke, a ninka ta biyu, a zagaya ta a ciki wajen cibiya. Idan bakin igiyar biyu sun kasa haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa. Wanda ya ga haka, ko wanda uwarsa ko ubansa ke da ciwon, ko macen da ta haifi jariri mai fiye da kilo 4, ya kamata a auna jininsa ko ba ya jin komai. Mai yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko rama ba dalili, ko gyambon da ya ƙi warkewa, kada ya jira ranar kasuwa. A tambaya a gidan likita mafi kusa, in ba su da abin awon, a Dogon Dutsi ko Doso. Ana zuwa da safe kafin a ci komai, ɗigon jini ɗaya ake ɗauka a yatsa. Ƙasa da giram 1.10 a lita lafiya lau ne. Daga 1.10 zuwa 1.25 gargaɗi ne, a nan ne rage nauyi da tafiya suka fi aiki. Idan ya kai 1.26 ko ya wuce, za a ce a dawo wata rana a sake aunawa, domin sai awo na biyu ya tabbatar kafin likita ya sa mutum a kan magani.